Bawa Ko Bara?

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a wannan zamani tsakanin masu rubuta bayanin finafinai, watau 'yan layukan nan da a ke bugawa a jarida, ko a karanta a rediyo, ko a liƙa ƙarƙashin hoton fim a intanet, domin mutum ya san abin da zai kalla tun bai zauna ba. Al'adar kuwa ita ce mutum ya ɗauko bayanin da wani ya riga ya rubuta, ya bi shi kalma kalma, duk wadda ya tarar tana da 'yar'uwa sai ya cire ta ya sa 'yar'uwar a gurbinta, sa'an nan ya ce ya yi nasa. Waɗansu don gudun kada a ce sun saci rubutun wani su ke yin haka, waɗansu don su ƙawata zance. Waɗansu kuwa ba su ma wahalar da kansu, sai su miƙa wa kwamfuta ta jero musu kalmomi uku uku ko huɗu huɗu, su zaɓi wadda ta fi daɗi ga kunne. In fim ɗin na ban dariya ne, ɓarnar kaɗan ce. Amma in na tarihi ne, to, mai wannan aiki ya zama alƙali bai sani ba, yana sake yanke hukunci a kan mutanen da suka riga suka kwanta dama, ba su da bakin ɗaukaka ƙara.

Misalin da ya fi kusa da masu karatu shi ne Shaihu Umar. Littafi ne tun farko, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta domin gasar da ofishin fassara na Zariya ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934, tun yana malamin makaranta, ba wanda ya san shi ne zai zama Firayim Ministan Nijeriya. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, sa'an nan a 1976 Adamu Halilu ya mai da shi fim da harshen Hausa. Fim ɗin ya daɗe ba a san inda ya shiga ba, har aka fid da rai, sai a 2016 aka gano shi cikin ajiyar hukumar finafinai ta Nijeriya, aka kai shi Jamus aka gyara, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Tun daga nan bayaninsa ya shiga yawo daga wannan hannu zuwa wancan, daga wannan harshe zuwa wancan.

Labarin, yadda ya ke a littafin, sananne ne. Shaihin malami ne a Rauta ta ƙasar Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labari tun daga Kagara inda aka haife shi, da yadda aka kori mijin uwarsa Makau, da yadda aka sace shi yana yaro, ya faɗa hannun mahara, suka kai shi Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi ƙasar Masar ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwarsa kuwa ta fita nemansa, aka yaudare ta aka mai da ita baiwa, aka bi da ita ta Murzuk har Tarabulus, can suka sadu bayan shekaru masu yawa, ba ta jima ba ta rasu.

To, a ɗauka wani ya taƙaita wannan cikin jimla guda, ya ce: fim ne a kan wani yaro da aka sace, mahara suka kai shi Kano cikin bayi, wani Balarabe mai fataucin bayi ya ƙetare hamada da shi, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma aka bautar da ita. Sai mai musanya ya zo da jerin kalmominsa, ya fito da wannan: fim ne a kan wani yaro da ya ɓace, mayaƙa suka kai shi Kano cikin barori, wani Balarabe attajiri ya ƙetare sahara da shi, mahaifiyarsa ta bi bayansa har ita ma ta shiga aikatau.

Mai karatu ya ƙirga, wurare takwas aka taɓa. Uku daga ciki ba laifi: hamada da sahara, uwa da mahaifiya, bin sawu da bin baya, duk wanda aka ɗauka an isa gida. Sauran biyar ɗin kuwa, ko wanne ya yi awon gaba da wani yanki na gaskiya. Jimla ta biyu tana da daɗin ji, ba kuskuren nahawu a cikinta, amma wanda ya karanta ta zai zaci labarin wani yaro ne mai sa'a da ya yi ɓatan kai ya tsinci ubangida nagari. Ba a faɗi ƙarya ɓaro-ɓaro ba, an dai share cinikin mutane daga cikin labarin da aka rubuta a kan cinikin mutane.

Mafi nauyi a cikinsu ita ce ta bawa da bara. Harafi guda ne tsakaninsu a rubutu, amma abin da ke tsakaninsu a rayuwa ya fi nisan Kano da Tarabulus. Bara ɗa ne, shi ya kai kansa ƙofar mai sarauta ko mai dukiya, yana yi masa hidima, ana ci da shi ana tufatar da shi, in ya ga zaman bai yi masa ba ya naɗe tabarmarsa ya koma wata ƙofa. Barantaka sana'a ce, har mutum ya kan yi alfahari da ita. Bawa kuwa dukiya ne a idon shari'ar wancan zamani: a saye shi, a sayar, a yi kyauta da shi, a raba shi cikin gado tare da shanu da gonaki. In ya naɗe tabarma ya fita, sunansa gudajje, a bi shi a kamo. Da su biyun abu guda ne, da Lugga bai bukaci yin shela a 1901 cewa duk ɗan da aka haifa daga Afrilun wannan shekara ɗa ne ba, da kuma ba a bukaci wata doka a 1936 ta ƙarasa soke bauta a Jihar Arewa ba. Ba a taɓa yin dokar soke barantaka ba, don ba wanda ya nema.

Hausawan da suka zauna cikin wannan al'amari ba su yi wa kalmominsa riƙon sakainar kashi ba. Sun bambanta wanda aka kamo ko aka sayo da bacucane, watau haifaffen gida, wanda al'ada ta ke ƙyamar a kai shi kasuwa. Sun bambanta baiwa da kuyanga, sun bambanta kuyanga da ƙwarƙwara, wadda in ta haihu da ubangijinta ɗanta ɗa ne, har ya kan gaji sarauta. Suna da rinji, ƙauyen bayi masu noma gandu. Suna da murgu, kuɗin da bawa ke biyan ubangijinsa domin a bar shi ya yi sana'ar kansa, suna da fansa, wadda da ita ya ke sayen wuyansa baki ɗaya. Suna kuma da bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano, waɗanda ikonsu a fada ya fi na hakimai da yawa, ga su kuwa bayi ne. Ko wace kalma cikin waɗannan tana faɗin abin da za a iya yi wa mutum da abin da ba za a iya yi masa ba. Wanda ya tara su cikin ƙwarya guda ya ce duk ma'anarsu hadimi, ya zubar da ilmin da kakanni suka tsare cikin harshe ba tare da takarda ba.

Haka kuma hari da yaƙi. Yaƙi yana da tuta da tambari, runduna ta fuskanci runduna, ko wane ɓangare ya san abin da ya fito yi. Hari kuwa sammako ne a kan ƙauyen da bai shirya ba, abin da a ke nema a cikinsa mutane ne da dabbobi. A littafin, abin da ya jawo wa Makau kora shi ne sharrin da fadawa suka ƙulla masa bayan an komo daga hari, cewa ya ɓoye waɗansu daga cikin bayin da ya kamo. Ashe ke nan gidan da Umar ya tashi a cikinsa yana ci daga wannan sana'a tun kafin ta juyo ta cinye shi da uwarsa. Nan ne gishirin labarin ya ke, kuma marubucin bai tsaya yin wa'azi a kai ba, ya bar mai hankali ya gani da kansa. In aka mai da mahara mayaƙa, gishirin ya narke.

Sacewa da ɓacewa ba su bukatar dogon bayani: ɗaya tana da ɓarawo, ɗaya ba ta da kowa. Irin wannan musanya ita ta fi saurin wucewa ba a lura ba, domin ba ta canja abin da ya faru, sai dai ta sallami wanda ya aikata.

Abdulkarim ne ya fi wuya, kuma a nan ne mai musanya ya ke da ɗan abin kare kansa. Zai ce, ai mutumin nan attajiri ne, ai ya riƙe yaron da amana, ya ba shi ilmi, me ya sa za a liƙa masa mummunan suna? Gaskiya ne ya yi alheri. Gaskiya ne kuma abin da ya ke kawo shi ƙasar Hausa ya haɗa da sayen mutane. Labarin ya riƙe waɗannan biyu tare, bai saki ko ɗaya ba, don haka ya wuce tatsuniyar mugu da nagari. Bayanin da ya ce attajiri kawai ya wanke shi, wanda kuma ya ce azzalumi kawai ya yi masa ƙari. Mai fataucin bayi da ya ɗauki yaro ɗaya ya mai da shi ɗa: wannan ita ce siffarsa, ko da ta fi tsawo, ko da ba ta da 'yar'uwa a jerin kwamfuta.

Wannan gardama ba sabuwa ba ce ga malamai. Masana luggar Larabci sun daɗe suna saɓani a kan ko akwai kalmomi biyu masu ma'ana guda tak. An ruwaito cewa a majalisar Saifud Daula a Halab, Ibn Khalawaihi ya yi alfahari da cewa ya hardace sunayen takobi hamsin, sai Abu Aliyul Farisi ya yi murmushi ya ce shi guda ɗaya ya sani, sauran duk siffofi ne. Abu Hilalil Askari ma littafi guda ya wallafa, Alfuruƙ, ba don kome ba sai don ya nuna bambancin da ke tsakanin kalmomin da mutane su ke zaton tagwaye ne. Ko a ƙamus na Bargery na 1934, a ƙarƙashin kalmar ƙato an jero kalmomi masu yawan gaske, amma Bahaushe ya san wadda a ke faɗa wa goro ba ita a ke faɗa wa mutum ba. Ƙamus yana nuna wa mutum unguwar da kalma ta ke zaune, ba ya cewa duk mutanen unguwar uwarsu ɗaya. Kama da wane ba wane ba ne.

In aka ƙetara iyaka zuwa Nijar, akwai wani fim da wannan cuta ta kan kama ta wani gefe dabam. Shi ne Sarauniya, wanda Med Hondo ya yi a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1987. Labarin Sarauniyar Lugu ne, wadda ta tari sojan Faransa a Afrilun 1899, sa'ad da hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, su ke ratsa ƙasar Hausa za su tafkin Cadi. Faransawa sun kira wannan tafiya da wata kalma tasu mai laushi, wadda ma'anarta ta fi kusa da aike ko manzanci. Mai fassara ya kan ce tawaga, mai musanya ya zo ya ce ayari, na bayansa ya ce rangadi, kafin a farga an kusa cewa ziyara. Alhali kuwa runduna ce da ta riƙa ƙone garuruwa tana kashe mutane, abin da ta yi a Birnin Ƙonni a watan Mayu na wannan shekara har yau ba a manta ba. Ɓarnar ta kai har gwamnatin Faransa da kanta ta aiko Kanar Klobb ya tsai da su, Voulet ya sa aka harbe shi ran 14 ga Yuli, su ma kwanaki kaɗan bayan haka sojansu suka kashe su. Abin da ya ƙare haka ba a kiransa rangadi.

Ita kanta Sarauniyar ba ta tsira ba. Sarauniya a Lugu sarauta ce ta Azna, wadda ta haɗa jagorancin jama'a da riƙon al'amuran addininsu na gargajiya. Wani bayani ya ambaci wannan gefe na biyu, sai mai musanya ya buɗe jerinsa ya ga bokanya, matsafiya, mayya, ya ɗauki wadda ta fi kama ido. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san mayya zargi ne na cin kurwar mutane, zargin da ya kan raba mace da garinsu. Da kalma guda an mai da shugabar da ta tsaya wa mutanenta abar tsoro ga yara.

Su manyan gwamnatoci sun san nauyin wannan al'amari fiye da masu rubutun talla. An yi faɗa a Aljeriya daga 1954 zuwa 1962, Gillo Pontecorvo ya yi fim a kan gwabzawar birnin Aljas a 1966, amma hukumar Faransa ta daɗe tana kiran abin da ya faru aikin tsare doka da oda. Sai a 1999 majalisarsu ta zartar da doka ta yarda a ce yaƙi. Shekara 37 ana jan kalma guda.

Akwai dai magana mai ƙarfi a ɗaya gefen, ba daidai ba ne a tsallake ta. Kalmar bawa tana da zafi. Akwai gidaje har yanzu da a ke yi wa gori da ita, akwai auren da ta kan hana. Mai rubutu zai iya cewa tausayi ne ya sa ya kauce mata. A Amurka ma masana tarihi da yawa sun koma cewa mutumin da aka bautar maimakon bawa, domin su nuna bauta abu ne da aka yi wa mutum, ba halittarsa ba ce. Wannan canji ne mai hujja, kuma Hausa tana karɓarsa ba wuya. Amma a lura da inda ya dosa: ya ƙara fito da laifin fili, ya nuna akwai wanda ya aikata. Wanda ya ce hadimi ko bara kuwa ya bi ta kishiyar hanya, ya rufe ciwon da tsumma. Jikokin waɗanda aka sayar ba su ƙaru da kome ba in aka ce kakanninsu aikatau suka je, sai dai jikokin masu sayarwa su sami barci.

Saura kalmar tarihi ita kanta. Shaihu Umar ƙagaggen labari ne da aka gina a kan zamani na gaskiya, watau ƙarshen ƙarni na 19, da hanyar fatake ta gaskiya, da ciniki na gaskiya. Mai musanya ya kan ga labari, tarihi, hikaya, almara, tatsuniya a layi guda. In ya ce tarihin Shaihu Umar, ɗan makaranta zai tafi Rauta neman kabarinsa. In ya ce tatsuniya, ya sa kasuwar bayi ta Kano sahu guda da Gizo da Ƙoƙi. Garin neman gira an rasa ido ta ko wane gefe.

Ba a ce kada a sake rubuta bayani ba. Kwafe aikin wani ba da izini ba abin kunya ne, maimaita kalma guda sau biyar cikin layi uku kuma yana gundurar mai karatu. Amma masu kwafin littattafai na da sun bar hanya mai kyau. In mai kwafi ya zo kan kalma mai wuya, ba ya kankare ta, ya kan bar ta a cikin matani, ya rubuta ma'anarta da ƙaramin rubutu a gefe ko tsakanin layuka, domin na baya ya ga asali ya ga sharhi, ya auna da kansa. In yaran yanzu ba su san murgu ko bacucane ba, kalma huɗu ta isa a bayyana musu. Sunayen mutane da garuruwa, da shekaru, da kalmomin da ke faɗin matsayin mutum, da waɗanda ke faɗin wa ya yi wa wa, waɗannan a bar su inda su ke. Abin da a ke juyawa shi ne ginin zancen: inda aka fara, wanda aka sa gaba, abin da aka jinkirta. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai mutum ya kalli fim ɗin ko ya karanta littafin, abin da mafi yawan masu musanya su ke gudu ke nan. Fim ɗin Adamu Halilu ya haura sa'a biyu, waɗanda za su karanta layi ukun nan sun ninka waɗanda za su zauna su kalle shi sau da yawa.

Ga jimlar nan ta ɗazu in an juya ta ta wannan hanya: wata mata ta bar gida neman ɗanta da aka sace, ba ta san mahara sun riga sun kai shi Kano ba, ba ta san wani mai fataucin bayi ya wuce da shi Masar yana renonsa kamar ɗan cikinsa ba, kafin ta sake ganinsa a Tarabulus ita ma an sayar da ita. Ba wanda zai ce an kwafe ta daga ta farko, ga shi kuwa ɓarawon yana nan, maharan suna nan, mai sayen yana nan da alherinsa da cinikinsa, yadda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ajiye su a 1934.